Opposing Force: sojan da aka turo rufe baki, aka rufe nasa

Duk wanda ya buga Half-Life na farko, wasan kwamfutar nan na harbi, ya san haushin sojojin nan. Kana cikin Black Mesa, cibiyar binciken kimiyya da aka haƙa a ƙarƙashin hamadar New Mexico a Amurka, gwaji ya ɓaci, dodannin wata duniya sun cika ko'ina, masana kimiyya suna ta ba ka baki cewa soja na nan tafe. Sai ga sojan ya iso. Wani dattijo mai farar riga ya ruga da murna ya tarye shi, shi kuwa ya ɗaga bindiga ya kwantar da shi a gabanka. Nan take za ka gane ba ceto aka turo su ba, rufa-rufa suka zo yi, kuma duk wanda ya ga abin da ya faru ba a so ya fita da rai. Daga nan har kusan ƙarshen wasan, su ne maƙiyan da suka fi kowa ba Gordon Freeman, masanin kimiyyar da kake bugawa a matsayinsa, wahala. Suna laɓewa, suna jefo gurneti, suna zagayo ka ta baya. A 1998 wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shekara guda bayan haka, a watan Nuwamban 1999, aka fitar da ƙarin wasan mai suna Opposing Force, da alƙawarin da ya isa ya sa mutum ya zaro ido: wannan karon kai ne za ka sa kakin sojojin. Sunanka Kofur Adrian Shephard, ɗan shekara 22, sojan kundunbalar Amurka. Na sake buga shi kwanan nan daga farko har ƙarshe, kuma ra'ayina a kansa ya tsaya a wuri guda. Wasan bai cika alƙawarin da ya ɗauka ba, ya tsorata ya kauce. Amma a wurin kaucewar ya tsinci wani labari da ya fi wanda ya yi alƙawari daɗi, ya riƙe shi da kyau har tsakiya, sannan ya bari tarin makamai da sababbin dodanni suka binne shi.

Ba Valve, kamfanin da ya yi Half-Life, ne ya haɗa shi ba. Wani sabon kamfani ne a Plano ta jihar Texas, Gearbox Software, wanda Randy Pitchford da abokansa suka kafa a farkon 1999 bayan an soke wasan da suke aiki a kansa a tsohon kamfaninsu. Sierra ce ta buga ta rarraba. Wato mutanen da ba su taɓa fitar da komai da sunan kamfaninsu ba aka miƙa wa wasan da ya fi kowanne tashe a duniya a lokacin, kuma cikin ƙasa da shekara suka gama. A zamanin, ƙarin wasa yawanci ƙarin ɗakuna ne da ƙarin dodanni. Haka Final Doom yake a 1996, haka ƙarin Quake guda biyu na 1997 suke, ko da yake suna da nasu kyan. Ba a saba ganin an dawo da kai wuri ɗaya, rana ɗaya, masifa ɗaya, amma a jikin wani mutum dabam ba.

Kada ku tsallake atisayen farko. Half-Life ya koya maka tsalle da rarrafe ta bakin wata mata mai sanyin murya. Nan kuwa a bariki za ka farka, a sansanin Santego a Arizona, wani saje mai faɗin hula yana zazzaga maka masifa a fuska, yana kiranka da sunayen da ba zan rubuta ba. Kwaikwayon sajojin fina-finan yaƙin Amurka ne ƙarara, kuma yana ba da dariya. Idan ka ɗaga kai wajen wata taga za ka hango mutumin nan mai kwat da jakar hannu, wanda 'yan wasa ke kira G-Man, yana leƙenka. Tun ba ka bar bariki ba an riga an sa maka ido.

To ga inda suka kauce. Wasan ya buɗe kana cikin jirgin Osprey, kai da 'yan uwanka sojoji, ana ta raha da zolaya, ba wanda ya san inda za a je. Kafin kwamanda ya gama faɗa muku aikin da ya kawo ku, jiragen dodanni suka far muku, jirginku ya faɗo. Shephard ya suma, ya farka bayan sa'o'i a wani ɗakin shan magani, masana kimiyya na jinyarsa. Ma'ana, bai taɓa jin umarnin kashe kowa ba. Hannunsa tas. Masanan da 'yan uwansa ke bindigewa a can wani ɓangaren ginin su ne suke yi masa allura, masu gadi suna buɗe masa ƙofa. Wasu na ɗari-ɗari da shi, suna jefa magana kan abin da suka ji sojoji na yi, amma iyakarta ke nan.

Wannan wayo ne, kuma na fahimci dalilinsa. Wa zai sayi wasan da aikinsa a ciki shi ne bin tsofaffin malamai ɗaki-ɗaki yana harbewa? Amma akwai hanya tsakanin wannan da wancan. Da a ce Shephard ya ji umarnin da kunnensa, sannan aka bar ɗan wasa da bindiga a hannu da wani dattijo yana rawar jiki a gabansa, da an samu abin da za a daɗe ana magana a kai. Gearbox sun zaɓi su sumar da shi daidai lokacin da tambayar za ta taso. Har yau ina jin haushin wannan.

Sai dai abin da ya biyo baya ya kusa goge haushin. Lokacin da ka farfaɗo, sojoji sun riga sun sha kashi. Gawarwakinsu ko'ina, wasu kuma halittar nan mai ɗarewa kan mutum ta mayar da su gawa mai tafiya, da kakinsu a jiki. A rediyo ana ta shela: a manta da Freeman, a janye, za a fara ruwan bama-bamai. Wanda ya buga Half-Life ya taɓa jin wannan shelar, ya ji ta a matsayin Freeman, kuma a lokacin daɗi ya ji, don masu farautarsa ne suke gudu. Yanzu kai ne ake cewa ka gudu, kuma jirgin ƙarshe na jira. Babi guda cur kana kutsawa ta ramuka da kwazazzabai da ɗakunan da suka rushe don ka cim masa. Ka iso, ka hango jirgin a fili farfelarsa na juyawa, sojoji na hawa. Taku kaɗan ya rage. Sai ƙatuwar ƙofar ƙarfe ta sauko a gabanka. Ta ɗaya gefen G-Man ne a tsaye, ya gyara ɗaurin wuyansa, ya dube ka, ya juya abinsa. Kana kallo jirgin ya tashi.

Ba a ce uffan ba a wurin. Babu wanda ya tsayar da wasan ya nuna maka fim, maus ɗinka na hannunka, kana iya dukan ƙofar da sufana in ka ga dama. Wannan shi ne darasin da Half-Life ya koya wa duniya, cewa a bar labari ya faru a gaban idonka kai kuma kana tsaye da ƙafarka, kuma a wannan wurin ɗalibi ya kamo malaminsa. Abin da ya ƙara masa gishiri shi ne, ɗazu-ɗazu mutumin nan ne ya cece ka. Ka maƙale a wani ɗaki ruwan guba na tasowa, yana kallonka ta gilashi, sai da ya ga dama sannan ya buɗe maka ƙofa. Ya hana ka mutuwa, ya hana ka tafiya. Me yake so da kai? Ba zai faɗa ba.

Daga nan labarin ya zama na sojan da gwamnatinsa ta yar. Kuma bai tsaya nan ba, domin an turo wasu su gyara ɓarnar da sojoji suka kasa gyarawa: mutane cikin baƙaƙen kaya, fuska a rufe, ba suna ba lamba. A Half-Life mun ga matansu masu tsalle-tsalle, nan an ƙaro maza. Farkon haɗuwarka da su kana laɓe ne, kana jin biyu daga cikinsu suna mita cewa kullum su ake bar wa sharar da ƙananan sojoji suka kasa kwashewa, ga wata babbar mota a gefe ɗauke da wani kaya da aka lulluɓe. Kai ma yanzu kana cikin sharar. Wanda aka turo ya rufe bakin shaidu ya zama shaida. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, to rundunar su Shephard ta gina nata da zurfi. Wannan juyin ya fi ƙarfin ƙarin wasa, kuma a kansa ya kamata a gina sauran duka.

Akwai kuma ɗan lokacin da kowa ke jira, haɗuwa da Freeman. Daƙiƙu kaɗan ne. Ka shigo ƙaton ɗakin Lambda daidai lokacin da yake rugawa a guje cikin rigarsa ruwan lemo, ya daka tsalle cikin hasken da zai kai shi Xen, duniyar dodannin. Ba ku yi magana ba, ba ku yi faɗa ba. Idan ka yi gardama ka bi shi ciki, wasan zai katse ya rubuto maka cewa ka nemi ka rikita lokaci. Wasu sun ce an yi musu rowa. Ni ina ganin daidai ne. Ganin kanka ta idon wani, kana gudu kamar kowa, ɗan ƙarami a cikin ƙaton ɗaki, ya isa. A wani ofis ma akwai hotonsa a bango a matsayin gwarzon ma'aikaci na wata, mutumin da ya tura abin da ya jawo bala'in gaba ɗaya.

Na fara buga wannan wasan ne a Zariya, a tsohuwar kwamfutar shagon buga takardu na yayana, da daddare bayan an tashi. Faifan CD ne da aka kwafo aka sake kwafowa, sunan ma da maka aka rubuta. A nan na koyi cewa maɓallin F6, mai adana inda ka kai a wasan, shi ne babban aboki, don ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta ba, kuma yayana ba zai tayar da janareta saboda gem ba. Wannan karon a laftof na buga, ta Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, ɗan 'yar uwata na zaune a gefe. Yaron Free Fire da Call of Duty na waya ya sani, don haka abin da ya fara damunsa shi ne jini ba ya dawowa da kansa.

"Kawu, ka ɗan laɓe mana, ai zai cika."

"Ba ya cika, yaro. Sai ka nemo akwatin magani a bango."

"To in babu fa?"

"Sai ka yi ta tafiya da 12 ɗinka kana addu'a."

Ya yi dariya, ya ce fuskokin mutanen kamar an sassaƙa su da gatari. Ban musa ba, injin GoldSrc ne, jikan injin Quake, shekarunsa sun nuna. Amma da ƙofar nan ta sauko jirgi ya tashi, sai da ya miƙe tsaye ya ce, "Kai! Kawu, wannan mutumin mugu ne." Bai ƙara maganar fuskoki ba.

Makamai kuwa, a nan Gearbox suka saki jiki. Maimakon ƙarfen ɓalle akwati na Freeman, an ba ka ƙatuwar sufanar masu gyaran famfo, wadda in ka riƙe maɓallin dama ka ɗaga ta sama ka saki, kusan komai sai ya kwanta. Akwai wuƙa. Akwai Desert Eagle mai jan haske, harsashi 7, mai daɗin harbi. Akwai bindigar harbi daga nesa, M40A1, wadda ta maye gurbin kwari da bakan Freeman. Sarauniyarsu ita ce M249, bindiga mai jigida, harsashi 50 a ɗaura ɗaya, in ka danne ta har baya take tura ka. Duk wanda ya taɓa ta ba ya son komawa kan wata.

Na dodanni sun fi ban mamaki. Akwai wani kyankyaso mai harba lantarki da ke maƙale maka a hannu, yana cika kansa da kansa. Akwai wata halitta mai kama da ƙaton talibambam wadda kake ɗura wa 'ya'yan wata tsiro a baki ta tofo su kamar gurneti, kuma in ka tsaya shiru sai ka ga Shephard yana shafa mata kai tana lumshewa. Akwai Displacer, ita kam ƙirar masanan Black Mesa ce, wadda ke ɓatar da abokin gaba, ko kuma ta ɗauke ka kai kanka ta jefa ka wani lungu na Xen inda wani lokaci za ka tarar da harsasai da tafkin warkarwa, wani lokaci kuma ka tarar da abin da zai cinye ka. Amma wadda ta fi burge ni ita ce halittar nan da ke manne a silin tana zuro dogon harshe, wadda ta addabi kowa a Half-Life. A nan masana sun ciro ta, kai kuma ka sa hannu a cikinta ka mayar da ita igiya: ka harba harshen ya kama wani abu mai rai a can sama, ya ja ka. Ɗaukar abin tsoro a mayar da shi kayan aiki dabara ce mai kyau. Abin takaici, wuraren da aka ba ka damar amfani da ita ba su da yawa, kuma duk an yi musu alama ƙuru-ƙuru.

Matsalar ita ce sun yi yawa. Da yawa daga makaman Half-Life suna nan, an ɗora waɗannan a kai. Zuwa kashi na uku na wasan kana ɗauke da abin da ya isa bataliya, kana danna lamba kana laluben wanda kake so ana harbinka. Kuma mutumin da ke da wannan tarin kaya ba ya jin an yashe shi. Tsoron da aka gina a farko, na kai kaɗai da sufana da harsasai ƙalilan, sai ya narke. Labarin na cewa kai abin tausayi ne, aljihunka na cewa kai ne abin tsoro.

Haka batun abokan tafiya. A takarda abin ya yi kyau: kana tarar da sojojin da aka bari a baya irinka, su bi ka. Akwai likita mai yi maka allura, akwai injiniya da taba a baki da tulun gas a baya, mai yanka ƙofar ƙarfe da wutar walda, akwai masu manyan bindigogi. Muryoyinsu da zolayarsu suna sa wurin ya yi rai, kuma a fili in an buɗe wuta suna taimakawa sosai. Amma kai su daga wannan ɗaki zuwa wancan kamar kora awaki zuwa kasuwa ne. Ɗaya ya maƙale a bakin ƙofa, ɗaya ya tsaya yana kallon bango, ɗaya ya shiga gabanka daidai lokacin da ka danna kunama, sannan duk su juyo kanka saboda ka harbi ɗan uwansu. Wasan da kansa ya san haka, shi ya sa ba ya barin su daɗe tare da kai. Da an buɗe ƙofar da ake buƙata sai a kawo wani rami ko igiya da kai kaɗai za ka iya bi. Igiyar ma sabuwa ce a nan, ana hawa ana lilo da ita, kuma sau da yawa ita ke kashe mutum ba dodo ba.

Sai Race X, sababbin dodannin da Gearbox suka ƙirƙiro. Shigowarsu ta farko ta yi kyau: ta bayan gilashi kake gani, wani dogo mai hannu huɗu da ido ɗaya ya bayyana, ya kashe maigadi, ya sungumi masanin kimiyya ya ɓace da shi. A fagen faɗa ma ba laifi. Dogayen nan suna yaƙi kamar sojoji, suna laɓewa suna jifa. Ƙananan masu harba ƙaya suna zuwa garke-garke a guje. Amma su wane ne? Daga ina? Me ya haɗa su da dodannin Xen? Wasan bai damu ya nuna ba, kuma ba irin shirun G-Man ba ne mai sa ka tunani, shiru ne na wanda bai tanadi amsa ba. Dodannin Half-Life kana ganin alaƙarsu da juna, har masana'antar da ake ƙera wasu ka shiga. Waɗannan kuwa an kawo su ne don a samu sabon abin harbi, kuma daga lokacin da suka karɓe fage sai baƙaƙen kayan nan da labarin cin amana suka koma gefe. Ba mamaki da Half-Life 2 ya fito a 2004 ko sunansu ba a ambata ba.

Tsakiyar wasan wucewa kawai nake yi. Ɗakunan gwajin halittun ruwa da lambunan da aka kwaikwayi Xen a ciki suna da kyan gani, suna kuma nuna cewa masanan Black Mesa sun daɗe suna wasa da wuta kafin ranar da ta kama. Babin ƙatuwar tsutsar da ta toshe ramin shara kwafin babin Blast Pit ne na Half-Life ba ko kunya: dodo a tsakiya ba ya jin harsashi, kai kuma ka zagaya ka kunna wannan ka kunna wancan, ka dawo ka danna maɓalli. Abin da ya cece shi a wurina wasa ne da suka yi: na'urori biyun da za ka kunna, ɗaya an rubuta mata Valve, ɗaya Gearbox. Sai sun haɗu tsutsar ke mutuwa.

Inda wasan ya sake kama ni shi ne babin Foxtrot Uniform, kuma a nan ne mutane suka rabu biyu. Shephard ba shi da tocila, tabarau mai gani cikin duhu gare shi, mai mayar da komai kore shar da ɗigo-ɗigo, batirinsa na zuƙewa kana kallo. A mafi yawan wasan ado ne kawai. Amma a wannan babin an tura ka cikin magudanan ƙarƙashin ƙasa masu duhu ƙirin, inda wasu ƙattin halittu da ake kira voltigore suka yi sheƙa. Faɗinsu ya kusa cika ramin, suna harbo lantarki ruwan hoda mai kwashe rabin jininka, in sun mutu kuma su fashe. Ba ka ganin nesa. Sai dai ka ji gurnani, sannan ka ga walƙiya ta taso daga can ƙarshen rami. Na san masu tsanar wurin nan, suna cewa duhu ba wahala ba ce, mugunta ce. Ni kuwa a nan kaɗai ne a rabin ƙarshe na sake jin cewa duk tarin makamaina ba su sa na fi ƙarfin Black Mesa ba. Da ka fito kuma sai ga ka a madatsar ruwan nan da Freeman ya ratsa, yanzu wani ƙaton dodo ya maƙale a kanta sojoji na ta fama da shi, sai ka tayar da nakiya ka raba gardama. Dawowa wurin da ka sani ka tarar ya ƙara lalacewa yana cikin abubuwan da wasan ya iya, kuma da ya yi fiye da haka da na so.

Kayan da aka lulluɓe a motar nan bam ɗin nukiliya ne. Ka same shi a garejin ƙarƙashin ƙasa, ka kashe masu gadinsa, ka kashe shi. Wani maigadi mai tumbi, Otis, wanda shi ma sabon shiga ne a wannan ƙarin, ya buɗe maka ƙofa. Ka shiga, ka leƙo ta taga, sai ga G-Man a durƙushe gaban bam ɗin yana sake kunna shi. Ƙofar da ka shigo ta rufe. Wannan shi ne karo na biyu da aka yi maka haka, kuma ya yi zafi kamar na farko, don abu mafi girma da ka yi a wasan gaba ɗaya an warware shi cikin daƙiƙa biyar kana kallo.

Da a nan aka tsaya. Amma dole sai an yi bos, don haka aka kawo Gene Worm, wata ƙatuwar halitta da ta zuro rabin jikinta ta wata ƙofa daga duniyarsu. Ka harbi idon hagu da na'urar haske da ke kafe a gefe, ka ruga ka harbi na dama, cikinta ya buɗe, ka zuba wuta a ciki, ta haifo dogon Race X ɗaya, ka kashe shi, ka sake. Ba wuya, ba daɗi. Yaron nan ma da ya ga na maimaita zagaye na uku sai ya koma kan wayarsa.

Bayanta G-Man ya ɗauke ka a jirgin Osprey, irin wanda ya hana ka hawa. Can nesa wani farin haske ya tashi, Black Mesa ta zama tarihi. Ya ce masu ba shi umarni ba su yarda za ka iya yin shiru ba, amma shi ya roƙa a bar ka da rai, don yana ganin kansa a cikin masu iya jure kowace masifa. Don haka zai ajiye ka a inda ba za ka cutar da kowa ba, kuma ba mai cutar da kai. Ya fice ta wata ƙofa ya bar ka a cikin jirgi a tsakiyar babu. Freeman aiki aka ba shi. Shephard tsare shi aka yi, aka rubuta cewa za a sake duba lamarinsa.

Ba a sake dubawa ba. Gearbox sun yi Blue Shift a 2001, inda kake maigadi Barney Calhoun, gajere ne kuma bai kai wannan ba, sannan suka wuce zuwa Brothers in Arms da Borderlands. Valve ba su sake taɓo Shephard a wani wasan Half-Life ba, duk da cewa alƙaluman da suka fitar a 2008 sun nuna an sayar da Opposing Force kwafi miliyan 1.1 a shaguna. Masoya ne kawai suke ta ƙoƙarin fito da shi da nasu wasannin, irin su Prospekt na 2016.

Ga mai son gwadawa: yana kan Steam, kuɗinsa kaɗan ne, lokacin rangwame kuma kusan kyauta, sannan kowace tsohuwar laftof za ta ɗauke shi ba tare da ta yi zafi ba. Bayan an sauke ba ya cin data. Amma kada ka fara da shi, buga Half-Life tukuna, in ba haka ba shelar rediyon nan da tsallen Freeman da madatsar ruwa duk ba za su ce maka komai ba. Zaɓi matsakaicin wahala, don a mafi tsanani dogayen Race X suna shanye harsashi har abin ya gundure ka. Kuma duk yadda hannunka ke ƙaiƙayi, adana jigidar M249 har sai ka shiga ramin voltigore.